Takalmin Shiga Taɓo

Aikina kai mutane ziyara. Ina da ƙaramar bas da nake ajiyewa a tashar Kudai, nan Makka, kuma tun ina saurayi nake ɗaukar alhazai da masu Umara in zaga da su Dutsen Saur, Arfa, Muzdalifa da Minna, mu ƙare a gindin Dutsen Nur kafin rana ta yi zafi. Na san inda zan rage gudu, na san inda zan sassauta murya. Akwai kwanar da in na sha ta na ce “a nan ne”, sai bas ta yi tsit, wata tsohuwa a baya ta fara share ido da bakin mayafi. Ba yabon kai ba, bakina ya iya sa mutum ya ji cewa wuri ya isa a zo shi. Na faɗi wannan tun farko don a san abin da na yi wa mahaifiyata ba rashin iya magana ya jawo shi ba.

Mu biyu ne ’ya’yanta da suka rayu, Yaya ce ta fari, ni ne auta, da shekara tara a tsakaninmu. A unguwar Tandabawi aka haife mu. Iyayenmu daga ƙasar Kano suka zo aikin Hajji suka zauna, Baba ya rasu ina ɗan makaranta, Umma ta riƙe mu da tuwon sayarwa da ɗinkin hula. Yaya ta yi karatun jinya, ta auri wani mutumin Kano ma’aikacin asibiti, aiki ya kai su Ingila. Ba Landan ba, can wata karkara ce da har yau harshena bai iya sunanta ba. Da can takan zo duk bayan shekara biyu. A shekarar da nake magana ciwon daji ya kama ta, likitoci suka hana ta doguwar tafiya, sai ya zamana in dai za su ga juna, to Umma ce za ta je.

Ga kuwa inda wuyar take. Umma ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Da yawa daga matan unguwarmu sun yar da kunyar ɗan fari, har a filin jirgi za ka ga suna rungumar nasu kamar Larabawa, amma ita ta riƙe tata yadda ta zo da ita daga ƙauye. “Waccan” take cewa, ko “yayarka”. In Yaya ta kira waya irin wadda ake ganin juna, Umma takan amsa gaisuwa da kalma biyu ta ture mini wayar, ta koma gefe da farantin shinkafa tana tsinta. Daga can take aiko saƙo.

“Ka ce wa waccan ta riƙa rufe ƙirjinta, an ce garin da sanyi.”

Yaya tana ji da kunnenta, sai ta ce, “Auta, ka ce mata na ji.”

Haka suke hirarsu shekara da shekaru, ni ne wayar da ke tsakani. Da Allah ya ba Yaya haihuwa da abin ya zo da sauƙi, a ce jikoki za a je gani, kowa ya san kaka ba ta kunyar jika. Bai ba ta ba. Saboda haka babu wani dalili da Umma za ta iya furtawa da bakinta na tashi daga Makka ta tafi Ingila, in ba ta ce tana son ganin ’yarta ba, wannan kuwa ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta.

Wata safiya a watan Rajab, ina Kudai ina jiran baƙi, Yaya ta kira ni ta gaya mini ciwon. Muryarta kamar mai karanta takardar magani. Ta ce an fara yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ta ce kada in kuskura in gaya wa Umma.

Na ce, “Ai in ta ji za ta zo.”

“Ba na so ta zo jinya. So nake ta zo yawo. In ɗauke ta a mota in nuna mata wurare, ta ci ta sha ta koma. Zan aiko da takardu, kai ka karanta mata. Ai aikinka ne.”

Na ce to. Na kashe wayar, baƙina suka iso, na kai su ziyara na dawo. Ban ji komai ba, kuma na yi mamakin haka. Na gaya wa kaina asibitocin Turawa ne, ita ma ma’aikaciyarsu ce, akwai lokaci. Da wannan na rufe maganar a raina kamar yadda ake rufe tukunya.

Saƙon ya iso a farkon Sha’aban, ta hannun wata mata da ta zo Umara daga can. Leda ce da man zafi na gwiwa, da safa masu kauri, da ambulan mai nauyi. A cikin ambulan ɗin takardu ne masu sheƙi, kowace an ninke ta uku, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙofar otal don baƙi su ɗauka. Wuraren shaƙatawa ne na yankin da Yaya take. A gefen kowace ta yi ɗan rubutu da biro, da ajami, domin shi kaɗai Umma ke iya bi. “Akwai benci.” “Babu hawa.” “Mota na kaiwa bakin ƙofa.” Na ga rubutun, na karanta shi, ban tsaya a kansa ba.

Bayan la’asar muke zama a ɗakinta, ita a kan darduma ta miƙe ƙafafu, ni a bakin gado, na’urar sanyi tana ta ƙara. Turancina na ma’amala da baƙi ne, amma ya isa wannan. Na ɗauko ta farko, mai hoton ɗan rago ana ba shi madara da kwalba.

“Umma, wannan gona ce. Biya ake yi a shiga a ga tumaki.”

“A saya?”

“A’a, a gani kawai. A shafa su, a koma gida.”

Ta ƙura wa hoton ido. Na ce in tumaki take son gani in kai ta kasuwar dabbobi ana gobe Arfa, kyauta za ta gan su har su taka ta. Ta ɗan murmusa. Murmushin nan shi ya ba ni ƙarfi, don Umma ba mai yawan dariya ba ce, kuma ni tun ina yaro aikina ke nan a gidan, in sa ta dariya.

Ta biyu jirgin ƙasa ne na dā, mai gawayi da hayaƙi, wanda aka daina aiki da shi aka mai da shi na yawo. Na ce yana ɗaukar mutane ya bi ta cikin gonaki, ya juyo ya sauke su daidai inda ya ɗauke su.

Umma ta ce, “Kai ma ai abin da kake yi ke nan.”

Wannan ta ɗan sosa ni. Na ce ni inda nake kai mutane Annabawa suka taka, ba shanu ba. Ba ta ja ba.

Mun yi kwanaki a kan takardun, kullum ɗaya ko biyu, kuma ita ke tunawa. Ina shigowa za ta ce, “Ina muka tsaya?” Akwai wani tsohon gidan masu sarauta da lambun furanni, ana shan shayi a ƙarƙashin itatuwa. Akwai kangon wata ganuwa da rufinta ya zube tun zamanin kakannin kakanni. Akwai gonar da kake shiga da kwando ka tsinki ’ya’yan itace da hannunka, na ce wato ka yi musu aikin kuma ka gode. Akwai wani shingen itatuwa da aka yanka lungu-lungu don mutum ya shiga ya ɓata, na ce a Tandabawi kullum baƙi ɓata suke ba wanda ya buga takarda. Kowace na samo mata abin dariya. Ina jin daɗin kaina sosai a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Wadda ta fi daɗewa a hannunta ita ce ta injin niƙa, wani tsohon gini a bakin rafi da ruwa ke juya masa ƙafa. Ta tambaye ni me suke niƙawa, na ce alkama. Ta tambaya ko ruwan ba ya ƙafewa da rani, na ce takardar ba ta faɗa ba. Ta sa yatsa a kan ciyawar da ke bayan ginin, kore shar, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

“Haka bayan garinmu yake in an yi ruwa uku,” in ji ta.

Rabon Umma da damina ya fi shekaruna. Ruwan Makka ya zo da ƙarfi ya wuce, duwatsu su koma yadda suke. Na san haka, amma sai na miƙa hannu na karɓi takardar na ci gaba da karatu. A ƙasa an rubuta cewa mai zuwa ya zo da takalmi mai ƙwari, don hanyar rafin takan yi taɓo. Na fassara mata ina dariya, na ce ita da silifas ɗinta sai dai a ciro ta da igiya.

“Wane iri ne mai ƙwari?”

Na nuna mata wata Baturiya a hoton, sanye da takalmin roba mai dogon wuya. Na ce irin na masu kwaɓa siminti ne. Ta duba, ta gyaɗa kai, muka tashi don an kusa kiran magariba.

Ranar da muka gama ta ƙarshe, ta tattara su ta jera a cinyarta, ta daidaita bakinsu. Ba ta kalle ni ba da ta yi tambayar. Ina iya tuna yadda ta faɗe ta, a hankali, kamar wadda ta daɗe tana shirya ta.

“Auta, kai da ka san wuraren zuwa. A cikin nan akwai wanda ya isa mutum ya tashi ya je?”

Na sha juya wannan lokacin a raina, kuma na daina yi wa kaina ƙarya a kansa. Na ji tambayar a matsayin tambayar sana’a, sai na amsa ta a matsayin mai sana’a. Amma akwai wani abu a ƙasa. Tafiyar tana nufin takardun fita da dawowa, da layin neman biza, da barin bas daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. Tana kuma nufin in je in ga Yaya babu gashi, wannan kuwa ba na so. In ban je ba, ciwon yana nan cikin waya, ina iya kashe shi in sa a aljihu.

Na ce, “Umma, ke da kike hango hasumiyar Harami daga bakin ƙofarki? Duniya ce ke tasowa ta zo inda kike. Can babu komai wallahi, ciyawa ce da tumaki.”

Ta ce, “To.”

Ta mayar da takardun cikin ambulan, ta tura ƙarƙashin katifa. Washegari na shigo bayan la’asar, ba ta ce ina muka tsaya ba, ta ce in duba mata tukunyar gas ko ta kusa ƙarewa.

Yaya ta kira bayan kwana biyu, ina cikin bas a Kudai.

“Me ta ce?”

“Ta ce to.”

“To na zuwa, ko to na halas, an rufe magana?”

“Kin san Umma. Ba za ta bar Makka don tumaki ba.”

Sai ta yi ’yar dariya marar ƙarfi.

“Auta, ko ɗan ragon ba ka yaba mata ba?”

Na ce zan sake gwadawa bayan azumi. Azumi ya zo da cunkosonsa, ya wuce. Na ce bayan Hajji. Alhazai suka cika gari, ina fita tun asuba in dawo jiki duk ya mutu. Yaya ta rage kira, in ta kira kuma ba ta daɗewa, tana ɗaure da kallabi har kan gira. Umma tana gefe da farantinta, tana aiko saƙon a rufe ƙirji, a sha ruwan ɗumi. Bayan Hajji na ce sai zafi ya ɗan sauka, alhali can sanyi ne ke shirin shiga, lokacin yawon yana ƙarewa. Ban sake ganin an ɗaga katifar ba.

A watan Mauludi mijinta ya kira ni. Muna gindin Dutsen Nur, wajen ƙarfe tara na safe, baƙina sun sauka suna ɗaukar hoto. Ya faɗi abin da zai faɗa, na yi salati, na yi masa gaisuwa, ya yi mini. Na sa wayar a aljihu. Wani dattijo ɗan Sakkwato ya matso ya tambaye ni awa nawa ake yi kafin a kai kogon, na gaya masa, na ƙara da cewa da ƙafafunsa gara ya yi addu’arsa daga nan. Na tara su na ba su tarihin wurin daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba, har inda nake sassauta murya na sassauta. Wata mata ta yi kuka. Na mayar da su masaukinsu, na wanke bas, sannan na tafi gida.

Umma tana yanka kuɓewa. Na tsuguna a gabanta na ce Yaya ta rasu. Ta ajiye wuƙar, ta yi salati sau uku, ta tambaya ko an yi mata sutura, ko akwai Musulmi a garin da za su sallace ta. Na ce akwai. Ta ɗauki wuƙar ta ƙarasa kuɓewar, don ta riga ta fara. Da la’asar ta ce in kai ta Harami. Bayan an idar da salla aka kira sallar gawa kamar kullum, ta miƙe ta bi, a kan mamatan da ba ta san ko su waye ba. Ni ma na bi. Ina ta jira wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba.

Aka yi zaman makoki kwana uku, maza a ƙofar gida da gahawa, mata a ciki. Tsofaffin unguwa suna yaba haƙurin Umma, suna cewa irin matan dā ke nan, ko ɗigon hawaye. Ni ma aka yaba nawa. Na koma aiki a rana ta huɗu. Ina ci, ina barci, ina kai mutane Arfa ina dawo da su. Abinci ba shi da ɗanɗano, amma ina cinye shi.

Bayan kamar wata biyu, igiyar takalmina ta tsinke, na biya ta titin Mansur, wurin wani mutumin Damagaram da ke sayar da takalman leburori da silifas. Ya san mu, amma bai ji rasuwar ba, ya yi tafiya gida lokacin. Yana neman lambar ƙafata a cikin kwali yana hira.

“Ya Hajja? Ta dawo daga safar ɗin?”

“Wace tafiya?”

“Ingila mana. Ai nan ta zo kafin Ramadan, ita kaɗai da sandarta. Ta ce in ba ta na roba mai dogon wuya, na masu siminti. Na ce ya Hajja, shugul za ki fara, aikin gini? Ta ce inda za ta akwai taɓo. Da ƙyar na samo mata ƙarami, shi ma sai da ta ce za ta haɗa da safa biyu.”

Na tambaye shi wace rana ce. Ya ce shi ba ya riƙe rana, amma Sha’aban bai raba ba, don bai fara fito da kayan Salla ba. Na lissafa a tsaye. Tsakanin ranar injin niƙa ne da ranar tambayar. Na karɓi takalmina, na yi masa godiya, na fito. Na zauna a bas ban tayar ba, ina kallon wata mai ƙosai tana juya mai a kasko. Ban san tsawon zaman ba, sai da wani ya buga mini gilashi yana son wurin.

Umma tana kan darduma da na shiga. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadonta, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma. Akwai jaka a can ƙurya. Na jawo ta na buɗe a gabanta, ba ta hana ni ba. Takalmin yana sama, baƙi, ko ƙura bai taɓa ba, an cusa safar da Yaya ta aiko a cikinsa. A ƙasa akwai dabino da ya bushe, da ƙullin kuka, da daddawa, da turaren wuta irin wanda Yaya ke so tun tana budurwa.

Na ce, “Umma, kin san ba ta da lafiya?”

“Ina da ido. Tun da girarta ta zube na sani.”

“Ba ki ce komai ba.”

“Ita ta ɓoye. Ni ce zan tona mata?”

“Da kin ce za ki je, wallahi da na kai ki.”

Ta dube ni a karon farko tun da na shigo. Babu fushi a fuskarta, da akwai da na fi samun sauƙi.

“Da wane bakin zan faɗa? Na tambaye ka.”

Na ce na ɗauka wuraren take tambaya.

“Wuraren nake tambaya. Da ka ce akwai, ko guda ɗaya, sai in ce wa mutane Auta ne ya matsa mini in je in ga injin niƙa. Ita ma abin da ta aiko ka ka yi ke nan.”

Ban ba ta haƙuri ba a lokacin, don kalmar ta yi mini ƙanƙanta a baki. Na zauna a ƙasa da takalmin a hannuna. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, ita ce abu na farko da ya ratsa ni tun ranar Dutsen Nur. Shekara da shekaru ina tsakaninsu ina kai magana ina kawowa, sau ɗaya tak suka ba ni saƙon da ya fi ƙarfin bakinsu, na tsaya ina ba’a da tumaki.

Na ce ko yanzu zan iya nema mana takardu, mu je ta ga kabarin. Ta girgiza kai. Ta ce wadda za ta nuna mata wuraren ba ta nan, kabari kuma addu’a tana isa gare shi daga ko’ina, balle daga nan. Ta ce in mayar da takalmin jaka, dabinon in ba tantabaru.

Na mayar. Ina shirin tashi ta sa hannu ƙarƙashin katifa ta zaro ambulan ɗin. Bakinsa ya yi laushi, takardun sun sha ninki da buɗewa, wajen rubutun biron har ya dushe saboda yatsa. Ashe duk watannin nan tana fito da su in ba na nan, tana bin abin da take iya bi, akwai benci, babu hawa, mota na kaiwa bakin ƙofa. Ta miƙo mini.

“Karanta mini. Yadda kake yi wa baƙinka.”

Na ɗauko ta gonar tumakin, na gyara murya, na fara daga sama. Na ce gona ce a gefen tudu, ana buɗe ta da ƙarfe goma na safe, da bazara ana haihuwar ’yan raguna, mai ziyara yana iya zama a benci a miƙo masa ɗaya ya ba shi madara. Na ce wuri ne da ya isa mutum ya tashi ya je. Umma ta jingina da bango, ta rufe ido, ta ce in rage sauri.